Darasi Na Ashirin Da Biyu

Salatiga,
28 ga Mayu, 1989.

Zuwa ga ƙanwata Roekmini, wadda nake kira Dik Mien, a Arnhem ta ƙasar Holan.

Dik Mien,

Da sunan Allah nake buɗe wannan takarda, sannan da gaisuwa irin wadda wa yake yi wa ƙanwar da ya goya a bayansa. Ina roƙon Allah Ya sa ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, ke da maigidanki Eduard, da 'yarku Liesbeth, da jikokin nan biyu waɗanda har yau a hoto kawai na san su. Na ji labarin gwiwar Eduard, Allah Ya ba shi sauƙi mai ɗorewa. Ki gaya masa in ji ni, wanda ya haura saba'in ba ya hawa keke a kan ƙanƙara, ko da kuwa a kan keken aka haife shi. Ina kuma yi muku barka da Sallah, ko da yake ta wuce da mako uku. Allah Ya karɓi ibadarmu, Ya jiƙan magabatanmu.

Mu nan sai godiya. Idona na hagu yana nan yadda yake, likita ya hana ni sukari a shayi, ni kuma na bi umarninsa rabi da rabi. Ruwa ya fara ja da baya. Itacen mangwaron da matata marigayiya Koesmijati ta dasa ya yi reshe har kan rufin maƙwabta, kuma shekara huɗu ke nan da rasuwarta ban yarda an sare masa ko ganye ba. Yayarmu Soeparni tana lafiya, kunnenta ya ƙara nauyi, muryarta ta ƙara ƙarfi, don haka duk sirrin da aka gaya mata sai unguwa ta ji shi kafin ita ta gama fahimtarsa.

Takardarki mai kwanan wata biyu ga Afrilu ta iso hannuna ranar goma ga azumi, na kuma karanta ta sau uku. A matsayina na malaminki ina shaida miki ban sami inda zan ɗora jan alƙalami ba, sai waƙafi guda da kika sa inda ba a bukatarsa. Wanda ya koya miki Holanci bai yi aikin banza ba. A matsayina na yayanki kuwa, ban sami layi ɗaya da na yarda da shi ba. Kin ce Handoko yaro ne, alhali shekararsa talatin da bakwai, har ya fara sanƙo. Kin ce in tuna ɗan marigayi ɗan'uwanmu Soebagjo ne, kamar ba ni na yi masa huɗuba a kunne ba. Kin ce in bar maganar ta mutu a cikin gida. Da gangan na jinkirta amsa har Sallah ta wuce, domin ban so ki sa baki a cikin abin da na ƙudura ba. Yanzu da aka yi shi, zan ba ki labarinsa daki-daki, kuma zan fara da abin da kika sani, tunda abin da kika yi ya nuna mini kin manta shi.

Sa'ad da jirgin ruwa ya tafi da ke da Eduard a farkon shekarar 1958, Holancinki bai wuce na gaisuwa da sayen burodi ba, domin kina 'yar shekara bakwai yaƙi ya rufe makarantun da ni na samu na gama. Takardarki ta farko ta zo da tabon hawaye, kina cewa dangin mijinki suna kallon juna duk lokacin da kika buɗe baki. A lokacin kuwa tsakanin ƙasarmu da Holan babu daɗi, ni malamin gwamnati ne, kuma ana raɗe-raɗin cewa takardar da za ta can ba ta isa ba a leƙa ta ba. Gaskiya ne ko ƙarya, ban so a ga ina ba wa mutanen Holan labarin gidanmu. Sai na yi dabarar da ni da ke kaɗai muka sani. Kowane wata na aiko miki da darasin nahawu, ka'ida a sama, misalai a ƙasa, aikatau da jan tawada. Amma kowane misali labarin gida ne. Ni ne Meneer de Bruin, Koesmijati ita ce matarsa, 'yarmu Ambar ita ce Marietje, Yaya Soeparni ita ce Tante Bet, ɗan Soebagjo kuma shi ne Pietje. A darasin da na koya miki cewa aikatau a jimlar Holanci wuri na biyu yake zama, ko da me aka fara, a nan kika ji cewa Marietje ta yi haƙori. A darasin da na nuna miki cewa lokaci ke zuwa kafin yanayi, yanayi kafin wuri, a nan kika ji Tante Bet ta tafi kasuwa ranar Laraba a fusace. Darasi sittin cikin shekara biyar. Ban ajiye kwafin ko ɗaya ba, saboda tsoron da na faɗa, kuma saboda na ɗauka suna hannun da ya fi nawa aminci.

Shekara biyu da suka wuce Handoko ya zo ya yi wata uku a gidanki, yana yawon ganin gari. Kin ce ya ga gwangwanin biskit ɗin da kike ajiye darussan, ya ce yana so ya koyi harshen, kika bar shi ya kai su shagon da ake ɗaukar hoton takardu. Ban ce kin yi da mugun nufi ba. Na ce kin yi. Ya dawo Semarang da jakar fata da sabon gilashi, ya buɗe makarantar koyon Holanci domin 'yan mata masu aikin jinya da ke neman tafiya can, da ɗaliban shari'a masu bukatar karanta tsofaffin dokoki. Bara kuma ya buga littafi mai darasi sittin, da sunansa a bango cikin manyan baƙaƙe. Surukinsa, tsohon alƙali Wirjawan, wanda ajinsa yana gaba da nawa da shekara ɗaya a makaranta, shi ya rubuta gabatarwa, inda ya yaba wa marubucin bisa misalai masu rai da ya tsinto daga gidajen mutanen Holan. Duk wannan ban sani ba, domin ba a aiko mini da littafin ba, kuma yanzu na gane dalili.

Ga yadda na sani. Akwai wata ma'aikaciyar jinya, Ningrum, matar aure mai natsuwa, da take zuwa baranda wurina kowace Talata da safe in gyara mata Holanci kafin jarrabawa. Wata Talata cikin Fabrairu ta zo da sabon littafi, ta ce a Semarang kowa shi yake amfani da shi, tana so mu yi aikin da ke shafi na tamanin da bakwai. Na ce ta karanto ina saurare, tunda idona ba ya son ƙananan baƙaƙe. Ta ce darasin a kan kalmomin nan ne da suke kora aikatau zuwa ƙarshen jimla, irin su omdat, wato saboda. Marubucin ya wargaza kalmomin kowace jimla, an ce ɗalibi ya mayar da su wurinsu cikin minti ɗaya, har an zana ɗan agogo a gefe. Ta fara jerawa da baki, tana ɗaukar wannan kalma tana ajiye waccan, kamar mai tsince shinkafa. Ta farko ta fito: saboda zazzaɓin Marietje bai sauka ba, muka kira likita. Na ce daidai. Ta biyu: ko da yake likitan ya zo da wuri, bai ce komai ba. Na ce daidai, amma na ajiye kofin shayina. Ta uku ta ba ta wahala, ta yi kuskure sau biyu, ta yi dariya, ta sake jerawa, sannan ta ɗago kai cike da murna ta karanta mini: bayan an binne Marietje, matar de Bruin ba ta ƙara shiga ɗakin ba. Ta tambaye ni ko ta sa aikatau inda ya dace.

Dik Mien, na ce mata ta sa shi inda ya dace. Ta ci gaba har ta goma sha biyu, wadda take cewa tun da takalmanta sababbi ne, mun ba wa 'yar maƙwabta. Shekara ashirin da tara ban ji waɗannan jimloli ba. Na rubuta su kwana tara bayan mun kai Ambar makwancinta, domin ban san wata hanyar da zan gaya miki ba. Na karɓi littafin na kai shi kusa da idona na dama. A saman shafin an zana wata yarinya mai kitso biyu da jajayen kumatu, tana murmushi, da ma'aunin zafi a bakinta. Na sallami Ningrum kafin lokaci, abin da ban taɓa yi wa ɗalibi ba cikin shekara arba'in da ɗaya, kuma baiwar Allah ta tafi tana zaton ita ta yi laifi.

Na aika a kira mini Handoko. Ya zo bayan kwana goma sha ɗaya, a mota, da gwangwanin biskit a hannu, wanda na ɗauka a matsayin rashin kunya ko da bai nufa ba. Ya sumbaci hannuna, ya tambayi idona, ya yaba mangwaro. Da na ajiye littafin a gabansa, bai ko sunkuyar da kai ba. Ya ce dama yana shirin kawo mini kwafi mai bangon fata. Ya ce tsofaffin takardu ne da suke ruɓewa a gwangwani, shi ya raya su. Ya ce in ana sake bugawa zai sa sunana a cikin waɗanda ake gode wa, tare da mai buga tafireta. Da na tambaye shi ko ya san abin da misalan suke faɗa, sai ya yi murmushi irin na mai lallashin tsoho, ya kira ni da sunan girmamawar da ake kiran wan uba, ya ce:

"Pakde, ai nahawu ba gonar kowa ba ne. Ba kai ka ajiye aikatau a wuri na biyu ba, can ka tarar da shi. Su Pietje da Marietje kuwa, kowane littafi da irinsu."

A nan na gane cewa bai san kome ba. Ya kwafe darasi sittin, ya sayar da su da sunansa, bai taɓa zama ya tambayi kansa su wane ne mutanen da ke ciki ba. Da na so, da na gaya masa a wannan zaman, ya ba ni haƙuri a baranda, daga ni sai shi sai kaji. Ban so ba. Abin da aka yi mini a gaban duk mai iya sayen littafi ba za a biya ni shi a ɓoye ba. Na ce masa ya gaida gida, na karɓi biskit ɗin, na ba wa mai kwasar shara.

Azumin bana na yi shi da littafin a kan teburina. Kowace safiya, idan rana ta haska baranda sosai, nakan bi darasi biyu da gilashin ƙara girma, ina rubuta a gefen kowace jimla wata da shekarar da abin ya faru. Ban ɓoye miki ba, na san azumi ba lokacin dafa fushi ba ne, kuma na nemi gafarar Allah a kan haka kowace rana, sannan washegari na buɗe darasi na gaba. Na sa aka wanke mini rigata ta batik mai ruwan ƙasa, na goge ta da kaina. Na kuma aika wa Alƙali Wirjawan takarda ta musamman, cikin Holanci, ina roƙon ya girmama mu da zuwa taron Sallah na danginmu, tunda 'yarsa tamu ce.

Ranar Sallah, bayan an sauko daga Idi an kuma ziyarci kaburbura, aka taru a gidan Yaya Soeparni kamar kullum. Mun kai mutum arba'in. An ci dunƙulen shinkafa na cikin saƙar ganyen kwakwa da miyar kaza, wadda Warsini, uwar Handoko, ta cika wa gishiri kamar kowace shekara. An jera mana kujeru uku na manya domin durƙuson neman gafara: Yaya a tsakiya, ni a damanta, alƙali a hagunta. Kafin a fara, na miƙe na ce ina da abin alfahari da zan nuna wa dangi, ɗanmu ya zama marubuci. Aka yi tafi. Handoko ya gyara gilashinsa, ya ce ai ba wani abu ba ne. Na ce tunda yawancin iyayensa mata ba sa jin Holanci, ina roƙon mai girma alƙali, wanda ya fi ni murya, ya karanta mana darasi na talatin da ɗaya, yana fassarawa zuwa harshenmu jimla bayan jimla, a ji irin rayuwar gidajen Holan. Alƙali ya ji daɗin wannan girma ƙwarai. Ya miƙe, ya yi gyaran murya kamar zai yanke hukunci.

Darasin a kan aikatau masu rabuwa biyu ne, waɗanda kansu yake zama a gaba, wutsiyarsu ta tafi ƙarshen jimla, kuma kin san na cika shi da labarin Pietje na shekarar 1961. Alƙali ya karanta cewa Pietje yana tashi a makare kullum. Aka yi 'yar dariya. Ya karanta cewa Pietje ya kwafe lissafin abokin zamansa har da sunan abokin, malami ya koro shi gida. Dariya ta ƙaru, na ga Yaya Soeparni ta sa hannu a bayan kunne, ta ce a maimaita mata. Ya karanta cewa Pietje ya haura katangar maƙwabci domin satar mangwaro, birin maƙwabcin ya kama shi a mazaunin hagu, aka yi masa ɗinki biyar, ya yi mako biyu yana cin abinci a tsaye. Alƙali yana fassarawa yana share hawayen dariya, yana cewa lallai yaran Holan ba su da dama, ko da yake shi bai san ana samun mangwaro da birai a can ba. Bai rufe baki ba Warsini ta ajiye ludayin da ke hannunta, ta ce:

"Wannan ai Handoko ne. Birin maƙwabcinmu Mbah Karto ne, ni na riƙe ƙafafunsa aka yi ɗinkin."

Yaya Soeparni ta ce, da muryar da ake ji har bakin titi, ita ma tun daga kwafen lissafi ta gane ɗan banza, domin ita ta raka shi ba wa malamin haƙuri. Matar Handoko ta rufe fuska da gyalenta, kafaɗunta suna rawa, kuma duk wanda ya dube ta ya san ta san tabon. Wani daga cikin 'yan'uwansa ya ce a tashi marubuci ya nuna hujja. Handoko ya yi ƙoƙarin yin dariya tare da su, bakinsa ya ƙi. Ba zan yi miki ƙarya ba, Dik Mien, na ji daɗin wannan lokaci har cikin ƙashina, kuma na bar shi ya yi tsawo.

Alƙali ne ya fara daina dariya, domin aikinsa ne haɗa magana da magana. Ya juyo ya tambaye ni cikin Holanci yadda aka yi labarin surukinsa yana ɗan shekara tara ya shiga littafin da aka ce a Holan aka tattaro shi. Na amsa masa cikin harshenmu, domin kowa ya ji. Na faɗi yadda kika tafi, da darussa sittin, da sunayen aro. Na ce Tante Bet mai zuwa kasuwa a fusace ga ta nan zaune, Yaya ta ce ƙarya nake yi mata, aka sake 'yar dariya. Sannan na roƙi alƙali ya buɗe shafi na tamanin da bakwai. Na ce wannan ba sai ya fassara da ƙarfi ba, ya jera kalmomin a zuciyarsa kawai, an ba shi minti ɗaya. Ya karanta a tsaye. Na ga lokacin da ya kai jimla ta uku, domin ya cire gilashinsa. Ya tambaye ni wace ce Marietje. Yaya Soeparni, wadda ba ta jin komai sai abin da ba a so ta ji, ita ta amsa masa, ta ce Ambar ce, ta fara kuka. Alƙali ya rufe littafin, ya ajiye shi a ƙasa kusa da ƙafar kujerarsa, ya zauna, bai dubi surukinsa ba.

A haka aka fara durƙuson, domin Sallah ba ta jiran kowa ya huce. Kin san yadda ake yi: ƙarami ya taho da gwiwa, ya haɗa tafukansa a kan gwiwar babba, ya sunkuyar da kai, ya nemi gafarar laifinsa na fili da na ɓoye, babba ya ɗora masa hannu a kafaɗa ya yafe, ya sa albarka. Tun ina yaro ban taɓa ganin hannun da bai sauka ba. Na yafe wa mutum goma sha tara kafin layi ya zo kansa. Ya taho, ya sa goshinsa a kan gwiwata, ya faɗi kalmomin da kowa yake faɗa, da sauri, kamar mai karanta lambar mota. Hannuwana suna kan hannun kujera, na bar su a can. Na bar shi a sunkuye gwargwadon abin da na kiyasta minti ɗaya ne, sannan na ce masa, ba da ƙarfi ba:

"Na fili da na ɓoye ba sunan laifi ba ne, Handoko. Ban taɓa karɓar amsa a dunƙule daga ɗalibi ba. Mangwaro na yafe, lissafi na yafe. Sunana da shafi na tamanin da bakwai, ka zo gida ranar Litinin ƙarfe bakwai mu yi maganarsu. Tashi, akwai mutane a bayanka."

Warsini ta fita daga ɗakin, kuma har yau ba ta gaishe ni ba. Ta aiko a gaya mini cewa na tozarta maraya ranar Sallah, kuma da Soebagjo yana raye da ban yi ba. Na aika a gaya mata cewa da Soebagjo yana raye da shi zai riga ni. Alƙali ya same ni a bakin ƙofa, ya ce a shari'ance ina da gaskiya, a addinance kuwa ya kamata hannuna ya sauka. Na ce masa zai sauka, amma ban ga inda aka ce lallai sai a ranar ba. Ya ce zai janye gabatarwarsa. Na ce ya bar ta, ya gyara layi ɗaya kawai, kuma ya gyara.

Ranar Litinin Handoko ya zo ƙarfe bakwai da minti goma, na mayar da shi, ya dawo Talata ƙarfe bakwai saura biyar. Ga sharuɗɗan da na gindaya masa, surukinsa kuma ya tsaya a kansu. Littafi dubu da ɗari ɗaya suka rage a ɗakin ajiyarsa, an kwaso su duka an jibge a ɗakin baƙina. An buga 'yar takarda mai ɗauke da sunana, da naki a ƙarƙashinsa, tunda domin ke aka rubuta su. Shi da hannunsa zai manna ta a kan sunansa a bangon kowane littafi, ba ma'aikacinsa ba, ba matarsa ba. Shi da hannunsa kuma zai sa reza ya yanke shafi na tamanin da bakwai, ya manna sabon darasin da na rubuta, wanda misalansa duka a kan jirgin ƙasa ne da ruwan sama. Ɗari huɗun da aka riga aka sayar, zai bi ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya ya musanya musu. Yana zuwa kowace safiya daga Semarang, ya zauna a kan tabarma a baranda da kwanon gam, ni ina kan kujera da rula. Wadda ta karkace fiye da kaurin ashana, sai ya ɓare ya sake. Ranar farko na mayar masa da talatin da ɗaya cikin hamsin. Maƙwabta suna wucewa suna gaishe shi da sannu da aiki, marubuci. Ningrum ta zo ranar Talata ta tarar da mai makarantar Semarang da gam har gwiwar hannu, ta rasa inda za ta sa idonta. Ina ba shi shayi ƙarfe tara, domin ni ba azzalumi ba ne, amma babu sukari, tunda likita ya hana a gidan.

Shafukan da yake yankewa ina tara su a cikin kabad ɗin Koesmijati. Sun kai ɗari biyar yanzu, yarinyar nan mai jajayen kumatu ɗari biyar. Na yi niyyar ƙona su, na kasa, kuma ban san abin da zan yi da su ba.

Yanzu na zo kanki, kuma ina so ki karanta wannan a zaune. Ke kin san wace ce Marietje. Ke kaɗai ce a duniya, bayan ni, kika san abin da ke cikin gwangwanin nan, kika miƙa shi ga wanda bai tambaye ki kome ba, ba ki kuma gaya masa kome ba. Ba zan iya sa ki durƙusa daga Arnhem ba, gwiwarki ma ba ta fi ta Eduard ba. Abin da nake so shi ne darasi na ashirin da biyu, wanda ya zama shafi na tamanin da bakwai, na ainihi, mai jan tawada. Sauran hamsin da tara naki ne, ki riƙe. Idan kin juya bayan takardar za ki ga layi ɗaya da fensir, rubutu mai karkata, inda aka ce ki yi mana addu'a. Koesmijati ce ta rubuta, ni na riƙa gaya mata baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, kuma shi ne kaɗai abin da ta taɓa rubutawa da Holanci. Injin shagon bai ɗauki bayan takarda ba, don haka wannan layin bai shiga kasuwa ba. Kada ki sa shi a akwatin gidan waya na kan titi. Ki yi masa rajista, ki sa shi tsakanin kwali biyu, kada ki naɗe shi a wani sabon wuri ban da inda na naɗe shi. Ranar da ya iso hannuna, na yafe miki, kuma zan rubuto in gaya miki da kwanan wata.

Shekaranjiya Juma'a, wajen littafi na ɗari biyar da ashirin, na lura reza ta tsaya. Na ɗago kai na ga Handoko yana bin shafin da yatsa, leɓensa yana motsi, yana jera kalmomin. Ya ɗauki fiye da minti ɗaya sosai, domin Holancinsa bai kai na Ningrum ba. Da ya gama bai dube ni ba, ya tambaye ni a wane gefen maƙabarta Ambar take. Na ce masa gefen gabas, layi na huɗu, kusa da uwarta, inda yake wucewa kowace Sallah. Ya ce ko zan raka shi. Na ce masa akwai saura ɗari biyar da tamanin, kuma wadda ya manna yanzu ta karkace.

Ki gaishe mini da Eduard da kyau, ki ce ina jiran hoton gwiwar da aka gyara. Ki gaida Liesbeth da maigidanta, ki sumbaci Saskia da ƙaramin Bram a madadina. Yaya Soeparni tana gaishe ki, ta ce a gaya miki ba ta taɓa zuwa kasuwa a fusace ba. Warsini ba ta ba ni saƙo ba, amma na san da muna magana da ta ce a gaishe ki. Allah Ya tsare ku, Ya sa mu sake ganin juna kafin ƙasa ta rufe ido.

Yayanki, kuma malaminki har yanzu,
Moerdijat Prawirosoemarto.